Tabon Lamba a Ƙofar Asibiti

Matar ƙanena ba a nan aka haife ta ba. Daga Nijar iyayenta suka taho da ita tana goye, wata shekara da hatsi bai yi ba, suka zauna Fakku ba su koma ba. Nan ta yi wayo, nan aka yi mata aure, nan aka binne uwarta da ubanta. Amarya muke ce mata, har ta yi 'ya'ya huɗu sunan bai sake ta ba. Takardar shaida kuwa ba ta da ita, ta can ko ta nan. To wa ke tambayar mai surfe takarda?

Abu guda ta zo da shi daga can, tabon lamba, allurar nan da ake yi wa jarirai. Mu namu tabon a sama yake kusa da kafaɗa, su nasu a ƙasa, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. In ta naɗe hannun riga tana wanki sai in tsokane ta, in ce 'yar Faransa an fito aiki. Ta yi dariya ta watso mini ruwan sabulu.

A cikinta na biyar ne ƙafafunta suka kumbura, fuska ta yi suntum, kai na sara mata ba dare ba rana. Malamar ɗakin shan magani ta auna jininta, ta sake aunawa, sannan ta dube ni ta ce, "Hajiya, wannan ya fi ƙarfina. Jininta ya hau ƙwarai. Ku kai ta babban asibiti, kar a yi wasa." Lokacin kaka ne, geron ƙanena na zube a gona, don haka ni na ɗauke ta muka nufi Tambuwal.

Muna isa ƙofar asibitin muka tarar da wata mota a gindin dogonyaro, da masu kaki a tsaye. Jami'an da ke kama baƙin haure ne. Suna tsayar da 'yan kabu-kabu da masu tallar ruwa, kowa sai ya naɗe hannun rigarsa an duba. A gabanmu aka duba wani bawan Allah mai ɗauke da kwanon abincin majinyaci, aka tura shi cikin motar da kwanon da komai.

Amarya ta ja ta tsaya, ta cusa hannunta cikin hijabi.

"Yaya, ba ni shiga."

"Ke, mi kika faɗi haka? Maza suka nema, ina ruwansu da mai ciki?"

"In sunka tafi da ni, wa ka riƙe min ɗiyana? Ban san kowa can ba, Yaya. Ko hanyar garin ban sani ba."

Raina ya ɓaci. Na ce ta jira ni, na taka har gaban babbansu, na ce ranka ya daɗe, duk faɗin garin nan ba ku ga wurin tsayawa ba sai bakin asibiti? Wallahi bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi nan masu babur ke taruwa, su kuma aiki aka turo su, marasa lafiya su wuce abinsu ba mai taɓa su. Na ce to wanda kuka sa a mota fa, majinyacinsa iska zai ci? Sai ya kau da kai.

Ina juyowa ba Amarya. Da wannan nauyin, da waɗannan ƙafafun, ta kai kanta tasha. Ba irin faɗan da ban yi mata ba a mota, har wata tsohuwa ta ce in ji tsoron Allah in bar yarinya ta huta. Ita dai kuka kawai take yi.

A gida labari ya riga mu isa, ya kuma yi ƙiba. Wasu suka ce har kan gado ake bin mutane ana duba hannu. Wasu suka cire yaransu daga makarantar boko, wai can ma za a je. Ƙanena ya lallaɓa ta, ya yi fushi, ya rantse, ta ce a bari motar ta tashi tukuna. Aka koma jiƙo da rubutu. Kullum in na leƙa sai ta ce da sauƙi, alhali zoben hannunta ya nutse cikin yatsa.

Bayan 'yan makonni, wata rana da hantsi, tana shara, ta faɗi tana jijjiga, ta tauna harshe har jini. Muka kwashe ta a motar maƙwabci. Can a hanya ta ɗan farfaɗo, ta kama gefen zanena, ta ce, "Yaya, ba can ba." Na ce mata gida za mu.

Gindin dogonyaron nan ba kowa sai mai sayar da lemo. Aka shiga da ita a guje, aka hana ni bi. Na fito na tsuguna kusa da mai lemon, na tambaye ta ina masu kakin nan. Ta ce ai sun daɗe da tashi. Dattawan gari sun je sun yi magana, aka hana su tsayawa bakin asibiti da makaranta, tun cikin makon da muka fara zuwa.

Kafin azahar likita ya fito. Ba ita, ba abin cikinta. Ya ce da mun kawo ta da wuri, ƙwaya ce kawai za a ɗora ta a kai ana dubawa. Na ji haushi irin wanda ban taɓa ji ba, na rasa wanda zan shaƙe, kuma har yau bai sake ni ba.

Labarin zuwan motar nan yini guda ya yi ya iso Fakku. Na tashinta kuwa mu muka kai shi, tare da gawar.