Fakon da Baba Ya Ba Makabarta

Har gobe in aka zauna hirar yadda dajin ƙasarmu ya ƙare, magana ɗaya ake maimaitawa: ruwa ne ya ragu, hamada ce ta gangaro daga arewa, ƙasa ta tsufa ta mutu. Ni dai ban yarda ba. A shekarun da nake magana, ruwa har katangar gidanmu yake kayarwa. Mu muka cinye dajin nan da hannunmu. Ranar da na gane haka ba zan taɓa mantawa da ita ba, don saura ƙiris wannan kuskuren ya tashe mu daga garin da aka haifi kakannina.

Ƙauyenmu yana gefen Rawayau, a ƙasar Kurfi. Ina ƙarama, bayan gidanmu daji ne. Inna takan ɗora tukunya ta fita ta samo itace ta dawo ruwa bai tafasa ba. In aka ce za a je Kurfi sai an jira 'yan rakiya, saboda duhuwar da ke hanya. Gona kuwa in ta gaji sai a bar ta saura, a koma wata, sabara da kalgo su rufe ta har ta huta. Da kaka Fulani su sauka mana a gona, shanunsu su ci kara su bar taki.

Sai gyaɗa ta yi daraja. Aka buɗe fuloti inda ake awonta, aka gyara hanyar mota, kowa ya ga maƙwabcinsa ya sayi keke ko ya yi rufin kwano. Ba wanda ya sake barin saura. Malaman gona suka kawo garmar shanu, Baba yana cikin na farko da suka karɓa a yankinmu. Garma ba ta shiri da kututture, don haka kowane itace sai an tone shi har saiwa. Na tuna Baba tsaye a bakin gona yana kallon kunyoyinsa miƙaƙƙu, ba ko inuwar da za a ajiye goran ruwa, yana cewa yanzu ne gona ta zama gona. Ban ga laifinsa ba. Gyaɗar nan ce ta biya haraji, ita ta ɗinka mini kayan makaranta lokacin da mutane ke masa dariya don ya bar ɗiya mace ta wuce firamare. Fulani da suka rasa wurin kiwo suka daina zuwa. Inna ta koma girki da kara da kashin shanu, wato har ɗan abin da zai koma cikin ƙasa mun ƙone shi.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai na gama makarantar 'yan mata, aka ba ni koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, ina zaune wurin goggona. A kakar shekarar nan rumbunmu ko rabi bai cika ba. Baba da ƙanensa, wanda muke kira Kawu, suka yanke shawara za su tashi da iyali su yi kudu, can inda aka ce daji na nan sai wanda ya gaji da sara. Saƙo ya iso mini cewa kafin bazara in ajiye alli in haɗa kayana, don Baba ba zai bar budurwa a baya ba. Aka kuma ce Kaka, mahaifiyarsa, ta daina cin abinci sosai tun da aka fara maganar.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a gidanmu ya san haka. Ranar da aka ba mu hutu a makaranta na nemi motar kasuwa. Wata abokiyar aikina, Kirista 'yar kudancin Zazzau, ta ce za ta raka ni, wai in an bar ni ni kaɗai zan je in faɗi abin da za a kore ni daga gida. Gaban mota ya cika, sai muka hau can saman buhunan gishiri, muna riƙe da igiya da hannu ɗaya, ɗankwali da ɗayan.

Ban taɓa ganin ƙasarmu daga sama haka ba. An gama girbi, ko'ina fili ne fetal, ja, sai kwazazzabai da ruwa ya yanka kamar an ja farce a jikin tuwo. Daga nesa kana hango rufin gari bayan gari, abin da da daji ke ɓoyewa. Muna dab da ƙauyenmu abokiyata ta taɓa ni ta nuna wani wuri da ya yi duhu da itatuwa, kore shar a tsakiyar jan filin nan.

"Malama, lambun wa ne wancan? Mai shi ya iya aiki."

Na yi dariya na ce makabarta ce. Ta nemi gafara, ta ce a garinsu sukan shuka itace a kan kabari, ta ɗauka mu ma haka muke yi. Na ce mu ba ma shuka komai, shinge kawai ake yi da ƙaya, ba a sara, ba a kiwo.

Ina rufe baki dariyar ta tsaya mini. Gefen gabas na duhuwar nan na san shi. Gonar Baba ce. Tun ina firamare makabarta ta cika, Liman ya nemi a taimaka da fili, Baba ya yanki ƙarshen gonarsa ya bayar sadaka. Kuma na san abin da ya sa ya zaɓi wurin: ya zama fako, ƙasa ta ƙeƙashe kamar daɓe, ko ciyawa ba ta fita. Ni nake kai masa fura wurin, ƙafata ta sha zafinsa. Ga shi yanzu daga saman mota ba na iya bambance tsohuwar makabarta da fakon Baba.

Abokiyata ta roƙe ni in bari sai na huta, in sami Inna tukuna ta shigar da maganar a hankali. Na ce to. Ko mayafi ban cire ba na karya alkawarin.

Na tarar da Baba a tsakar gida bayan la'asar yana gyaran mangalar jaki, Kawu na gefensa, Kaka na kan tabarma a jikin bango. Na durƙusa na gaishe su. Kaka ta ce a ba Malama kujera, kada ƙasa ta ɓata mata boko. Baba ya tambayi hanya, ya tambayi baƙuwata, sannan ya shiga yi mini bayani a natse: ƙasar nan ta mutu, ya yi mata duk abin da ake yi, mutum ba ya zama ya kalli 'ya'yansa da yunwa. Kawu ya ƙara da cewa ruwan yanzu ba irin na da ba ne, ba shi da albarka.

Na ce, "Baba, ruwan da ke sauka a makabarta daban ne da wanda ke sauka a gonarka?"

Inna da ke bakin madafa ta kira sunana sau ɗaya, irin kiran da ke nufin in rufe baki. Ban rufe ba. Na tambaye shi gefen gabas gonar wa ce da, kuma me ke fita a wurin ranar da ya bayar da ita. Kawu ya ce wannan ita ce ribar boko, yarinya ta zo tana haɗa gonar ubanta da kaburbura. Ya ce itatuwan makabarta albarkar bayin Allah ce da ke kwance a wurin. Na ce ban musa albarka ba, amma rabin gefen gabas har yau ba a sa kowa ba, kuma nan ma ya rufe.

Baba ya ajiye mangala. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi.

"Ke kin taɓa shiga makabarta?"

"A'a, Baba."

"Ni duk wanda aka kai da ni ake kai shi. Kina gaya mini abin da ke wurin?"

Nan ya kama ni, don mace ba ta shiga, abin da na gani daga saman mota na gan shi. Idona ya kawo ruwa don haushi. Sai Kaka ta gyara zama ta ce masa ya faɗi tsakaninsa da Allah, in ya je jana'iza sama yake kallo ko ƙasa. Ta ce ita dai ba inda za ta, marigayi maigidanta na kwance a inuwar nan, in tafiya ta zama dole su fara kai ta gefensa sannan su ɗaura wa jaki kaya. Baba ya tashi ya fita masallaci, bai sake yi mini magana ba ranar.

Inna ta yi mini faɗa sosai, ta ce ko gaskiya ce da ni ba a gaban ƙanensa zan faɗa ba. Abokiyata kuwa cewa ta yi da ta sani da ta bar ni na faɗo daga kan gishirin.

Washegari da hantsi na ga Baba ya ɗauki sandarsa ya bi ta ƙofar Liman, su biyu suka nufi gabas. Na ja abokiyata muka bi su daga nesa, muka tsaya a wajen shinge. Ko daga nan ana ganin abin da ake gani. Sabara ta fi tsayin mutum, ga kalgo, ga magarya da aduwa, gamba ta yi tsiri-tsiri, ganye ya rufe ƙasa har ba a ganin ja. Tsuntsaye na ta hayaniya, irin waɗanda na daina ji tun ina yarinya. Taku kaɗan daga wurin, a wajen ƙaya, gonar Baba ce tsirara.

Sun daɗe a ciki. Muna hango su sun yi wa mamata addu'a, sannan suka zaga gefen da ba a fara sa kowa ba. Baba ya tsaya, ya dafa sandarsa ya danna. Na ga ta shige. Ya matsa gaba ya sake dannawa. Da suka fito ya wuce mu kamar bai gan mu ba, ya shiga gonarsa ya danna sandar a nan ma. Ta yi ƙara ta tsaya.

Liman ne ya yi mana magana. Ya ce masu haƙa sun daɗe suna cewa gefen gabas ya fi daɗin haƙa, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Baba yana tsaye da bayansa gare mu ya ce, kamar da kansa yake magana, "A gefen gabas ɗin nan na taɓa karya fartanya biyu."

Bai ce na yi gaskiya ba, har ya bar duniya bai faɗa ba. Da rana dai ya kira ni zaure ya tambaye ni, in ya rufe wani sashe na gona, me za a ci kafin ta dawo. Tambaya ce ta gaske, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Na ce in ya bar ni a wurin aikina, hatsin da ya kasa ni zan riƙa cikawa. Ya ce zai gwada damina uku, in bai ga komai ba, ko da Kaka ta ƙi sai an tafi.

Kawu bai jira ba, ya kwashi iyalinsa ya yi kudu kafin ruwa ya sauka, kuma rabuwar ta yi wa Baba ciwo. Shi kuwa ya sari ƙaya ya kewaye yankin da ya fi lalacewa. A sauran gonar ya hana a tone duk tohon da ya fito, ya ce garma ta koyi kaucewa. Mutanen gari suka sa wa shingen suna makabartar da ba kowa, suna tambayarsa wa yake jira. Daminar farko ba abin da ya fito sai ciyawa 'yar kaɗan, ni kaina na tsorata, na riƙa zuwa ina leƙawa kamar mai jiran tuwo ya nuna. A ta biyu sabara ta ɓullo daga saiwoyin da muka ɗauka garma ta gama da su. A ta uku ba wanda ya tayar da maganar tafiya. Wani Bafulatani ya zo ya nemi ya sauka da shanunsa bayan girbi, maƙwabta biyu kuma suka yi nasu shingen, ba su ce daga wurin wa suka gani ba. Dajin da na sani ina yarinya bai dawo ba, mutane sun yi yawa, kowa na son abinci. Amma gidanmu bai tashi ba, Kaka ta ƙara shekaru masu kyau, kuma da lokacinta ya yi gefen gabas aka kai ta.

Abin da na koya shi ne ƙasar da muke cewa ta mutu sau da yawa gajiya ta yi, so take a ɗauke mata hannu. Mun fi son mu ɗora wa sama laifi, don sama ba ta da shingen da za a ce mu gyara. Na kuma koyi cewa mutum na iya shiga wuri shekara da shekaru bai gan shi ba, sai baƙo ya yi tambaya.

Amma duk wannan daga baya na tsara shi a raina. A ranar da muka koma Dutsin-Ma abu ɗaya na ƙudurta. Bayan ajinmu akwai wani fako da ko awaki ba sa tsayawa a kansa. Da safe kafin a buga ƙararrawa na sami hedimasta na ce ya ba ni wurin, ni da 'yan ajina za mu kewaye shi da ƙaya. Ya dube ni ta saman tabarau, don ya san halina, ya ce me zan shuka a ciki.

Na ce, "Ba komai, Malam. Jira za mu yi."