Jinkar Ɗakina a Kan Saniya

Shekarun baya can, lokacin da aka kwashi mazanmu zuwa yaƙin Turawa, muna zaune a kwarin Tagwai, bayan Minna. Mijina ya tafi soja, ya bar ni da saniya ɗaya tak, wadda mahaifiyata ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. Ga saniyar da ciki.

Bazarar shekarar ta yi zafi, har kaji baki buɗe suke yini. Al'adarmu kuwa, rana na take tsaka sai a kora shanu kurmin bakin rafi su sha inuwa. Baffana, wanda garken gidanmu ke hannunsa, ya aiko a kai masa tawa. Na ce ba inda za ta. Dama na shiga kurmin nan neman itace, na ga yadda ƙudan tsando ya yi yawa a shekarar, har ni ya ciza a wuya. Cizonsa ke sa wa shanu sammore, su yi ta ramewa har su faɗi.

Baffa ya tako da kansa. "Ke 'yar nan, tun kakanninki can muke kai shanu. Zafi zai kashe ta a hannunki."

Na ce, "Baffa, in ta mutu, tawa ce ta mutu."

To, sai dai ƙofata ba bishiya ko ɗaya, ciyawar jinka kuma wutar daji ta cinye. Sai na hau ɗakina na kwance jinkarsa, na kafa wa saniya rumfa. Na samo tsofaffin buhunan gyaɗa a tashar jirgi, ina jiƙawa ina lulluɓa mata a baya. Tulu takwas nake ɗebowa kullum, har wuyana ya sage. Mata in za su wuce sai su ce, "Sannu, ya amaryar taki?" Ruwan farko a kan tabarmata ya sauka. Na zauna jagab ina zagin saniya, ita kuwa tana ta tuƙa abinta.

Da damina ta kama, shanun garke suka soma ramewa, ɗaya bayan ɗaya ake sa musu wuƙa. Wallahi ban yi murna ba, kuka na yi, don da nononsu na girma. Tawa kuwa ta haifi 'yar maraƙa lafiyayya.

Har yau ana ce mini mai taurin kai, ban kuma taɓa musawa ba. Abin da idona ya gani, ba mai furfurar da zai sa in ce ban gani ba.

Da bazara ta zagayo, sai ga Baffa da shanu biyun da suka rage masa. Ya ɗaure su a rumfata, ya juya zai tafi. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini, sannan na miƙa masa tulu.

"Baffa, inuwar nan sai da ɗiban ruwa."

Ya karɓa.