Irin Shinkafar da Aka Ɗora a Sama

Aikina na farko bayan kammala jami'a shi ne yi wa manoma rajistar irin shinkafa a ƙauyukan Kirikasamma, a ƙarƙashin wata ƙungiyar bunƙasa noma da ke da ofis a Haɗeja. An ba ni waya mai ɗauke da manhaja. Idan na shigar da sunan manomi da wurin gonarsa, sai sunan iri guda ya bayyana a cikin babban koren akwati, an riga an yi masa alama. Can ƙasa akwai wani siririn rubutu mai launin toka da ban taɓa kulawa da shi ba.

Ina alfahari da tsantsenina a lokacin. Kowane suna sai na maimaita shi sau biyu kafin in rubuta. Amma kwana uku na yi ina cewa manoma ga irin da aka ba su, su yi godiya, in danna.

A rana ta huɗu wani dattijo, abokin mahaifina, ya zauna a gabana. Na karanta masa cewa an ba shi iri mai saurin nuna. Bai yi godiya ba. Ya bayyana mini cewa gonarsa tana tsakiyar fadama, maƙwabtansa kuwa tsohon irinsu mai jinkiri suke shukawa. A wurinsu tare ake shuka domin gonakin su nuna tare, saboda idan tsuntsaye jan-baki suka sauko, ɓarnar ta rarrabu a kan kowa. Gonar da ta riga sauran nuna, ita kaɗai za su tarar wa.

“Ɗana, wa ya zaɓa mini? Kai ne, ko wayar?”

Na ce ba ni ba ne, Baba.

“To, ita ta san jan-baki?”

Mutanen da ke jira suka yi dariya, wani ya ce wayar 'yar birni ce, a faranti kawai ta san shinkafa. Ni ban yi dariya ba, domin ban san amsar ba. Na taɓa siririn rubutun, sai ga wasu nau'o'i uku, har da mai jinkirin. Na zaɓe shi, manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Kafin in gama karanta gargaɗinta, alamar ta koma kan na farko. Na roƙi dattijon ya ba ni kwana biyu, na rufe wayar ban aika komai ba.

A ofis shugabarmu ta ce ƙirƙirarriyar basira ce take jera nau'o'in, kuma ranar Alhamis za a rufe rajista. Wanda ba a shigar ba, babu iri gare shi a daminar. Na nemi ta tambayar mini masu manhajar, a rubuce, abin da basirar take dubawa da abin da ba ta dubawa. Ta ce na cika naci, amma ta aika. Amsar ta zo ranar Laraba: tana duba ƙasa da hasashen ruwan sama, ba ta san abin da maƙwabta suka shuka ba, kuma ba ta lissafa tsuntsaye. Suka ƙara da cewa sai an tabbatar sau biyu cikin hanzari kafin wani zaɓin ya zauna. Na kwafe wannan a takarda kalma bayan kalma, na sa aka buga mini sunayen waɗanda na riga na yi wa rajista domin in bi su.

Da dattijon na fara, ranar Alhamis da hantsi, a bakin gonarsa. Na karanta masa nau'o'in huɗu da murya ɗaya, ban fifita ko ɗaya ba. Na faɗa masa wanda na'ura ta ɗora a sama, da dalilinta, da abin da masu ita suka amsa cewa ba ta sani ba. Ya ce maganarta a kan ƙasar gonarsa gaskiya ce, kuma da maƙwabtansa za su yarda su sauya tare, da ya bi shawararta baɗi. Bana dai mai jinkirin yake so.

Na miƙa masa wayar, na nuna masa wurin. Ya goge yatsansa a jikin riga ya danna. Da tambayar ta fito na karanta masa da sauri, ya sake dannawa, ya kuma dannawa. Na duba sau biyu kafin in aika: alamar tana kan mai jinkirin.