Tsakuwa Ɗari da Hamsin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina kan keken ɗinki babban ɗanka ya tsaya a bakin shagona ya ce, "Kawu Tela, Baba ya rasu." Kai, mai tsaron ƙofar filin ƙwallon kulob ɗinmu na tsawon shekara talatin da ɗaya, wanda yaro da babba ke kira Baba Ya-Cika, ka amsa kiran Ubangijinka bayan jinyar kwana tara. A kwana taran nan ban taka na duba ka ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci abokin kirki ne ya ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san ka ba, bari in faɗi yadda kake aiki. Filinmu ƙofa ɗaya gare shi ta shigar jama'a, faɗinta mutum biyu, in ba a samu mai tumbi ba. Takardar hukuma ta ce filin yana ɗaukar mutum dubu huɗu da ɗari biyu. Kai ba ka yarda da ƙirgen tikiti ba, ka ce tikiti haihuwa yake yi a hannun masu sayar da shi. Sai ka zuba tsakuwa ɗari biyu da goma a aljihun dama na kwat ɗinka. Duk mutum ashirin da suka wuce ka, ka ɗauke ɗaya ka mayar aljihun hagu. Da zarar na dama ya ƙare, ka ja ƙofar ƙarfen nan ka datse, ka ɗaga murya ka ce, "Ya cika!" Daga nan ko wa ya zo sai dai ya ji wasa da kunne.

Ni ne mai ɗinka maka aljihunan. Sau biyu a shekara kake kawo mini kwat ɗin, tsakuwa ta huda gindin aljihu. In ninka yadi sau uku in bi da zare mai kauri, bayan wata shida ka dawo kana ce mini, "Tela, ɗinkinka da alƙawarin ɗan takara ban san wanda ya fi saurin warwarewa ba." In ce maka aljihu don hannu aka yi shi, ba don kwasar titi ba. Mu yi dariya, ka zauna a benci kana jira da singileti.

Ka taɓa datse ƙofa a fuskar surukin shugaban kulob, ya tsaya yana tambayarka ko ka san shi wane ne. Ka ce ka sani, shi ne mutum na dubu huɗu da ɗari biyu da ɗaya. Ka taɓa datse ta a kan ɗanka na cikinka, wanda ya yi tafiyar yini guda don ya ga wasan ƙarshe. Amma ba ka taɓa barin waɗanda ka rufe a waje su kaɗai ba. Kana tsaye bayanka ga fili, fuskarka gare su ta tsakanin ƙarafa, kana fassara musu ihun jama'a: wannan bugun kusurwa ne, wannan alƙalin wasa ake zagi, wannan kuwa ta shiga. Shekara talatin da ɗaya, ba ka taɓa ganin ƙwallo ta shiga raga da idonka ba.

Lokacin da ƙafafun mahaifina suka daina ɗaukarsa, kai kake buɗe mana tun kafin jama'a su taru. Ka kama hannu ɗaya na kujerarsa in kama ɗaya, mu hau da shi rumfar gabas, layi na shida, inda ya saba zama tun yana saurayi. Haka muka yi shekara huɗu har ya rasu. Ko sau ɗaya ba ka bari na gama yi maka godiya ba.

To, ga abin da na saka maka da shi.

Shekara uku da suka wuce kwamitin kulob ya kawo maganar komawa sabon filin da aka gina a bayan gari, mai ɗaukar mutum dubu ashirin, mai ƙofa goma sha biyu. Muka tashi haiƙan. Muka kafa ƙungiya mai suna Ba Ma Tashi, ni ne mai ɗinka tutocinta kyauta. Muka ce a nan iyayenmu suka zauna, a nan ɗan wasa yake jin numfashin 'yan kallo a ƙeyarsa, can kuwa sai mutum ya shiga mota biyu, ya je ya hango 'yan wasa kamar tururuwa. Har yau ban ce ƙarya muka yi ba.

A taron magoya baya ka miƙe, kai da ba ka saba magana a taro ba. Ka ce, "Jama'a, rumfar gabas ta gaji. Mu tashi tun muna tashi da ƙafafunmu." Sai wani daga baya ya ce, "Kai ne ka gaji, Baba!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Wannan wani ɗin ni ne. Ka juyo ka dube ni, ka koma ka zauna.

Daga nan muka lura kana rufe ƙofa alhali ana ganin gurabe a rumfa. Magana ta bazu cewa an saye ka, wai kana hana mutane shiga don a ce fili ya yi mana kaɗan. Da hannuna na yanka harufa na ɗinka a farin yadi: Mai ƙofa ya sayar da ƙofa. Aka rataye shi a katangar da ke daidai inda kake tsayawa. Ka ci gaba da mayar da tsakuwarka daga dama zuwa hagu a ƙarƙashinsa. Ba ka ƙara kawo mini kwat ɗinka ba, na ce a raina fushi ka yi ka canza tela, can ta matse maka.

Kwana uku da rasuwarka Inna, matarka, ta aiko a kira ni. Ta ajiye kwat ɗin a gabana, da wani gwangwanin madara. Ta ce, "Ya ce in ba ka. Ya ce kai kaɗai za ka gane, in ka ga dama." Na juya aljihun, ɗinkina ne na shekara uku da suka wuce, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Na zazzage tsakuwar a tabarma na ƙirga: ɗari da hamsin. Na buɗe gwangwanin: sittin.

Inna ta ce, "Duk bayan damina sai ya ɗauki tocila ya shiga ƙarƙashin rumfar nan. In ya dawo ba ya cin abinci, sai ya ɗebe wasu ya zuba a nan. Na ce masa, Malam, ka gaya musu mana. Ya ce ai ya faɗa, dariya aka yi."

Ashe ba tela ka canza ba. Aljihun ne ya yi sauƙi.

Washegari na ɗauki maƙwabcina mai walda muka shiga ƙarƙashin rumfar gabas. Gani ya kori ji. Ginshiƙai huɗu sun tsage, tsatsa ta ci ƙarfen ciki har yana ɓarewa a hannu. A jikin kowace tsaga ka ja layi da fenti ka rubuta shekara, kowane layi ya fi na bara tsawo. Na sa babban yatsana a ɗaya, ya shige har gindi. Mai walda ya ce mu fita, shi ko shanya ba zai yi a kan wannan ba. Na ɗaga kai na lissafa, ginshiƙin da ya fi lalacewa yana ƙarƙashin layi na shida, inda nake zama da 'ya'yana mata biyu duk Asabar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa muna sama muna tsalle muna zaginka. Na yi kuka a wurin, kuma ban ji kunyar mai walda ba.

Jiya abokaina na Ba Ma Tashi suka zo shago da hotonka da yadi kamu goma. Wai in ɗinka tuta a rubuta: Baba Ya-Cika ya mutu a kan filinsa, ba ma tashi. Na ce musu ba zan ɗinka ba. Shugabanmu ya ce, "Haba Tela, ai mamaci ba ya musu." Na ce shi ya sa ni zan yi musun a madadinsa. Kun zage shi yana raye, ba za ku ari bakinsa ku ci masa albasa yana kabari ba. Ya ce ashe ni ma an saye ni. Na ce e, an saye ni, da tsakuwa sittin. Suka kwashe yadinsu suka fita, har da waɗanda muka yi shekara ashirin muna zama benci ɗaya.

Ku ma 'yan kwamiti kada ku yi murmushi. Sakatarenku ya zo gaisuwa yana cewa za a sa sunan marigayi a ƙofar sabon fili. Ina wasiƙu bakwai da ya rubuta muku a kan rumfar nan? Inna tana da kwafinsu. Kuna son a tashi, amma ba ku taɓa faɗa wa jama'a dalilin da ya fi kowanne ƙarfi ba, don kada a ce ku rufe rumfar kafin lokaci. Yanzu kuma na ji kun ce ranar Asabar, a wasanmu da manyan abokan hamayya, za a bi takarda a shigar da dubu huɗu da ɗari biyu, tunda mai taurin kan ya kau.

Ranar Lahadi za a kaɗa ƙuri'a a kan tashi ko zama. Zan ɗaga hannu a tashi, a gaban kowa. Zai yi mini ciwo, don ina son filin nan kamar ɗakin da aka haife ni, kuma na san ba zan taɓa son sabon haka ba. Amma kujerar mahaifina ba ta kai ran 'ya'yana ba, ba ta kai ran ɗan kowa ba.

Kafin Lahadi akwai Asabar. Makullin ƙofar yana aljihun ciki na kwat ɗinka, Inna ba ta mayar ba, ni ma ba zan mayar ba. Na rage wa kwat ɗin hannu don ka fi ni tsawo. Ɗanka ya ce zai tsaya a damana, mai walda a haguna. Tsakuwa ɗari da hamsin zan zuba, mutum dubu uku, ko ɗaya ba zan ƙara ba. In ta ƙare zan ja ƙofa. Mai zagi ya tanadi zaginsa, mai tuta ya rataya, na san inda ake ratayewa. Zan juya wa fili baya in gaya wa na waje yadda wasa ke tafiya.

Baba, ban nemi gafararka kana da rai ba, ina roƙon Allah Ya sa ka yafe mini kafin ka tafi. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa rayukan da ka tsare ba su sani ba su zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Kai da ka yi shekara talatin da ɗaya a bakin ƙofa kana kallon waje, Allah Ya shigar da kai Aljanna, Ya zaunar da kai a ciki, inda ba a cewa ya cika. Amin.