Inna Ta Je Yaƙi da Sanyin Dutse

Mu mutanen ƙauyukan Shanono ba mu san dutse ba. Ƙasarmu a shimfiɗe take, gona na bin gona, in ka hau rumbu sai ka hango wanda ya fita da jaki tun safe. Shi ya sa da ƙanwata ta haihu a wani kwari can cikin duwatsun Mambila, inda mijinta ke koyarwa, kuma a tsakiyar sanyi, sai gidanmu ya zama majalisar masana. Duk wanda bai taɓa wuce Dawanau ba sai da ya ba mu shawara.

Inna ce za ta je wankan jego, ni babbar 'yarta ce 'yar rakiya. Tsoronta ɗaya ne a duniya, kada sanyi ya shigi mai jego. Ta ɗaure kanwa, citta da kanumfari, ta haɗa da kaskon wutarta da buhun gawayi, kamar can ba su san wuta ba.

Sanyin kuwa ba ƙarya. Rana ba ta leƙo kwarin sai hantsi, in ka yi magana tururi ke fita daga bakinka. Inna na shiga ɗakin ta ɗaga kai ta ga kafofi a ƙarƙashin rufi.

"Waɗannan mutane ko gini ba su iya ba," in ji ta.

Ta sa na hau kujera na cusa tsummokara a kowace kafa, ni ma har da iyayi ina nuna mata wadda ta rage.

Washegari bayan wankan safe ta cika kasko da gawayi, ta ja ƙofa, ta tare ƙasanta da buhu. Ɗaki ya yi ɗumi. Na fita yin wanki. Da na dawo na tarar ƙanwata na riƙe da kai, ta ce ɗakin na juya mata, ta fara amai.

"Kin gani ko? Sanyi ya riga mu," in ji Inna, ta ƙara gawayi. Ita ma tana maganar tana dafa bango.

Maƙwabciyarsu, wata dattijuwa, ta shigo da nono. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta banka ƙofa, ta fizge jaririn ta yi waje.

"Ku fito! Gawayi a rufaffen ɗaki kashewa yake, ba ya ko wari!"

Muka jawo ƙanwata har tsakar gida. Jaririn ya yi laushi, bai motsa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Inna ta karɓe shi, ta kware zanen da ita da kanta ta naɗe shi da shi, ta miƙa shi ga iskar nan mai yankan fata tana cewa, "Shaƙa, ɗan nan, don Allah shaƙa." Da ya tsanyara kuka sai ta zube a ƙasa ta taya shi. Daga nan aka wuce da su asibiti, Allah ya taƙaita.

Inna ba ta taɓa ba kowa labarin ba. Amma yau ko sanyi na tsaga dutse, tagar Inna a buɗe take kwana. Jikoki su yi ta mita suna karkarwa, ita kuwa ta juya musu baya.

"Ku ƙudundune," take cewa. "Wanda ke jin sanyi ai yana da ransa."