Kawu Tanko da Bakaniken Cikin Waya

Ku da kuka zauna da Kawu Tanko kun san tambayarsa. Ko allura zai saya a hannun mutum, sai ya tura hula ƙeya ya ce, "Ina gidanku?" Ba zumunci yake nema ba fa. So yake ya san ƙofar da zai je ya buga in abu ya ɓaci. "Ni ba na hulɗa da wanda ba zan iya zuwa in yi masa masifa ba," in ji shi. "Wanda ba zai zo jana'izata ba kuma, ba ya taɓa mini kaya."

Ni Hadiza, ɗiyar ƙanwarsa, na sha kunya a kan wannan tambaya. Ni nake raka shi asibiti, don Faransancinsa na cinikin nama ne, bai kai ga ciwon ciki ba. Ran nan likita ya gama rubuta magani, Kawu ya taɓa ni.

"Tambaye shi unguwarsu."

"Haba Kawu!"

"Cikina ne ko naki?"

Likita ya yi dariya ya ce Ekoudou. Kawu ya ce wane layi, ya faɗa masa. Bayan 'yan kwanaki sai ga Kawu a ƙofar gidan bawan Allah da tsire a ƙunshe cikin takarda. Ya ce masa, "Na zo in gani ko ƙarya ka yi mini. Maganinka ya yi. Da bai yi ba, da ba tsire zan kawo ba."

To, mai irin wannan hali shi ne Allah ya haɗa da Kafiya. Duk Birik, unguwarmu a nan Yawunde, ba wanda bai san Kafiya ba. Tsohuwar mota ce mai dogon baya, ya cire kujerun bayan don ya riƙa ɗauko nama daga mayankar Etoudi zuwa tukubarsa. Da injinta ya gaji, aka ce ya sayar da ita, sai ya je ya sayo injin wata sabuwar mota da ta yi haɗari, mai tarbo, mai kwamfuta a ciki, ya sa aka dasa mata. Ya ƙara mata salansa mai kauri. In ta taso daga ƙasan layi, tela na tsayar da keke, mai kiran salla na jira ta wuce. Ƙara kam akwai. Sai dai da ta ga tudu ta fara tari, ta yi gyatsa, ta mutu. Yawunde kuwa, kun sani, in ba hawa kake ba to gangara kake.

Wanda ya yi dashen shi ne Papa Tomas, bakanike a unguwar Nkomkana, Kirista mutumin yamma. Tun suna da baƙin gashi suke tare da Kawu. Hausarsa duk a bakin Kawu ya koye ta, shi ya sa rabinta zagi ne. Kullum Kafiya ta mutu, a tura ta gareji, Kawu tun daga bakin hanya yake farawa.

"Tomas, ka kashe mini mota!"

"Alhaji, motarka tun kafin in gan ta ta mutu. Ni gawa nake gyarawa!"

Su yi ta yi har yaran gareji su bar aiki suna kallo. In sun gaji, Kawu ya ciro tsire daga aljihun gare, Papa Tomas ya aika a kawo shayi, su zauna a kan tsohuwar taya su cinye. Kirsimeti Kawu ya aika masa cinyar rago, Sallah shi ya zo gidanmu ya ci tuwo yana kushe miyar. Gaskiyar magana kuwa, Papa Tomas bai iya wannan injin ba. Shi da bakinsa ya faɗa. Ƙarfe ya sani, amma kwamfutar nan da ke auna mai da iska ta fi ƙarfinsa. Sai ya goge wannan, ya ɗaure wancan, ya ɗan buga da sifana, ta yi kwana biyu ta koma gidan jiya.

Abin ya kai maƙura ranar da Kawu ya ɗauko naman suna. A tudun bakin layinmu, wanda ke hawa babban titi, Kafiya ta mutu ta fara komawa da baya. Ba ta tsaya ba sai a teburin wata mata mai gashin ayaba. Matar ba ta ji ciwo ba, Alhamdu lillahi, amma ta wanke Kawu tas da yare uku. Da yamma babban ɗansa Sabi'u ya ɗauke makulli.

"Baba, ko a gyara ta gyara na gaskiya, ko 'yan gwangwan su zo su ɗauka."

Ni na kawo shawarar, kuma har gobe ina cewa shawara ce mai kyau. Ina da shagon kwamfuta, na san akwai masu saita irin wannan inji daga nesa. Na samo wani saurayi a Beljiyam, aikinsa ke nan. Ka jona kwamfuta da mota ta wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, ka kwafi saitin injin ka tura masa, ka ɗan zaga gari kwamfuta tana ɗaukar yadda injin ke numfashi, shi kuma ya gyara ya turo maka sabo. Na yi wa Kawu bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato bakanike ne da ba ya shafa baƙin mai."

"Eh, Kawu."

"Allah ya sawwaƙe."

Amma makulli na hannun Sabi'u, dole ta sa ya yarda a kira yaron ta bidiyo. Kawu ya sa babbar riga, ya zauna a kan kapon mota, wato murfin inji, na riƙe masa waya.

"Ki ce ina gaisuwa. Ya iyali? Ya sanyi? Mahaifinsa na da rai?"

Yaron ya amsa a daburce, yana ta gyara tabarau.

"Ina gidansu?"

"Beljiyam, Kawu, na faɗa maka."

"Tasi na zuwa?"

"Kawu!"

"Tambaye shi, ya taɓa hawa tudun Yawunde da rabin sa a bayan mota?"

Yaron ya ce ba sai ya hau ba, lambobi kawai yake buƙata. Kawu ya yi tsaki.

"To ki tambaye shi, in na mutu zai zo?"

Na ƙi. Wallahi na ƙi, kunya kamar ƙasa ta tsage. Sai ya fizge wayar ya harhaɗa Faransancinsa ya yi tambayar da kansa. Yaron, mai ladabi ne, ya ce yana nesa, amma lalle zai turo saƙon ta'aziyya.

"Saƙo!" in ji Kawu. "Saƙo ne zai ɗauki makara?"

Duk da haka aka yi aikin. Kuma jama'a, in faɗa muku gaskiya, aiki ya yi! Kafiya ta haye tudun layinmu ko tari ba ta yi ba. Ta je Etoudi ta dawo, ta je ta dawo. Mai ma ta rage sha. Sabi'u ya mayar da makulli yana washe baki, ni ina ta yanga a tsakar gida. Kawu ya fito daga mota fuska a murtuke.

"Wannan ba motata ba ce."

Ranar Juma'a ya ƙunsa tsire ya nufi Nkomkana, wai zai nuna wa Tomas. Ya ce in biyo shi ko za a yi tambayar kwamfuta. Papa Tomas ya fito, ya buɗe kapo, ya kasa kunne. Labari ya riga ya kai masa. Ya daɗe yana saurare, sannan ya rufe a hankali, ya goge wurin da hannunsa ya taɓa.

"Ta yi kyau, Musye Tanko. Na taya ka murna. Ba ta buƙatata kuma."

Musye Tanko, sai ka ce baƙo! Mutumin da ya shekara da shekaru yana ce masa tsohon mahauci mai kunnen ƙashi. Kawu ya buɗe baki zai yi masifa, ya rasa a kan me. Tsiren nan a aljihunsa muka dawo da shi.

Daga nan gida ya ɗau zafi. Masifar da yake kaiwa Nkomkana ta rasa wurin zuwa, sai ta tsaya a kanmu. Ya yi faɗa da matarsa Gwaggo Asabe a kan gishiri. Ya yi faɗa da mai kawo gawayi, ya yi da liman a kan tsawon huɗuba. Gwaggo ta kira ni ɗaki ta ce, "Hadiza, me kika sa wa motar nan ne? Ita ta warke, mijina ya lalace." Sallah ta zo, aka zuba tuwon Papa Tomas aka rufe. Kawu ya zauna a zaure yana cewa shi ba jiran kowa yake ba, iska yake sha. Har tuwon ya huce ba wanda ya zo. Na ji tausayinsa ranar nan, don Kawu zai iya mutuwa bai ce wa mutum "yi haƙuri" ba, shi ma Papa Tomas ɗin jirgi ɗaya ya kwaso su.

Washegari ya same ni a shago.

"Tsohon saitin nan, yana nan?"

"Yana nan, na adana."

"Mayar mata."

"Na'am?"

"Ki mayar mata da ciwonta."

Sabi'u da ya ji sai da ya dafe kai. "Baba, mota ta samu lafiya ka ce a sa mata cuta? Za ka kashe mutum!"

"Na sa an canza birki. Na sassaƙo waiji na tokare taya, ga shi nan, katakon kirki. Mota tawa, tudu na Allah. In za ku sayar da ita, ku haɗa da ni ku faɗa wa 'yan gwangwan ƙarfe biyu ne."

"Mutane za su yi mana dariya."

"Su yi! Da haƙoransu za su yi, ba da nawa ba."

Na kira yaron Beljiyam don kada in yi kuskure. Ya tambaye ni sau nawa ban sani ba, ko dai bai fahimce ni ba ne. Marar kyan muke so? Akwai abin da ya ɓata ne? Kawu ya leƙo cikin waya.

"Ki ce masa aikinsa ba laifi, Allah ya yi masa albarka. Amma ni ba inji kaɗai nake kaiwa gareji ba."

Aka mayar. Kafiya ta tashi da tarinta na dā, Kawu ya shafa sitiyari ya ce, "Yauwa, sannu da zuwa." Muka kama hanyar Nkomkana tana gyatsa tana hayaƙi, 'yan acaba na zaginmu, shi yana rama musu da fara'a. Kamar ta san abin da ake ciki, daidai ƙofar gareji ta mutu. Kawu ya leƙo ta taga, ya cika ƙirji.

"Tomas! Fito ka ga aikinka, ka kashe mini mota!"

Papa Tomas ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya buɗe kapo, ya sa aka tayar, ya saurara. Ya gane sarai abin da aka yi. Ya ɗago ya dubi Kawu.

"Wane jaki ne ya mayar da ita haka?"

"Jakin da ya saba da kai."

"Tsohon mahauci mai kunnen ƙashi!"

"Bakaniken ƙarya!"

Yaran gareji suka hau tafi. Papa Tomas na share ido da tsumman baƙin mai, wai hayaƙi ne ya shige masa. Aka aika a kawo shayi. Haka suka ci gaba, mota na mutuwa suna rayuwa, har ciwon ajali ya kwantar da Kawu.

Ya bar wasiyya Kafiya ce za ta kai shi maƙabarta. Sabi'u bai yi gardama ba. Mu mata muna cikin gida, amma ni na hau bene na leƙa ta taga, ban iya zama ba. Da aka yi masa salla a ƙofar gida na hango Papa Tomas can gefe, ya sa kwat ɗinsa ta coci, ya riƙe hula a hannu. Aka zura makara a bayan mota inda nama ke zama. Sabi'u ya ja a hankali, jama'a na biye.

A tudun bakin layi ta yi tari ta mutu.

Wani ya sa waiji da sauri. Papa Tomas ya ratsa mutane, da kwat ɗinsa da komai, ya buɗe kapo. Ya taɓa nan, ya taɓa can. Sai kuma ya tsaya cik, hannu a kan inji, kansa a karkace wajen tagar direba. Jira yake. Mai yi masa masifa ta tagar nan kuwa yana kwance a baya. Sabi'u, wanda ya fi kowa tsanar motar nan, shi ya gane. Ya leƙo ta taga.

"Papa Tomas, ka kashe mana mota."

"Ni ai," in ji Papa Tomas, "ni gawa nake..."

Bai ƙarasa ba. Ya rufe kapo, ya zaga baya, ya sa kafaɗarsa daidai inda ƙafafun Kawu suke, ya fara turawa. Mutane suka kama masa, suka haye tudun da ita.

Kawu, ka ci gardamarka, bakanikenka ya zo. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka masifarka, mu mun yafe. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka haye wancan tudun ba tari ba tsayawa. Amin.