Mai Ɗorin da Yake Fara Duba Farce

Da hantsi ya ɗaga, Baba Mika'ilu kan zauna a ƙofar gidansa da ke unguwar Alsawra, ya jera karare da tsumma da man shanu. Shekara arba'in ya yi yana ɗori a Omdurman. Kafin ya taɓa ƙashi, farcen mai karaya yake fara dannawa. In jini ya dawo nan take, ya ɗaure. In farcen ya tsaya fari, sai ya ajiye kara, domin aikin ya zama na Daktora Nahla, likitar fiɗar ƙashi.

Maƙwabta har yau suna ba da labarin Hussein, mai bugun bulo a unguwar Aljirif, wanda tulin bulo ya rushe masa a ƙafa. Farcensa ya ƙi yin ja. Danginsa suka dage a ɗaure, don a ganinsu wanda ya shiga asibiti da irin wannan rauni, da ƙafa ɗaya yake fita.

"Baba, ka ɗaure kawai," in ji Hiba, yayar Hussein. "Kada ka kai shi wurin masu zarto."

"'Yata, in na ɗaure, ni ne mai zarton. Cikin kwana uku ƙafar za ta yi baƙi."

Da kansa ya raka su asibiti. Daktora ta tarbe shi da murmushi.

"Ya Hajj, yau ma an fi ƙarfinka?"

"Ke dai yi ɗinkinki, tela. In kin gama ki maido mini, ni zan koya masa tafiya."

Sai da Daktora ta jira Baba ya yi tofi, hankalin Hiba ya kwanta, sannan aka shiga da Hussein. Bayan fiɗa, wata uku Baba yana murza ƙafar.

Daga baya yaƙi ya ɓarke, ya watsa su. Daktora tana Bur Sudan, Baba yana Gadarif wurin 'yarsa, yana tambayar duk baƙo ko an koma Alsawra.

Kai ne gwanin da bai ji kunyar cewa "ba aikina ba ne" ba. Mun gode, Baba, muna kewarka. Allah ya maido ka gida. Masu ɗori da masu fiɗa, ku riƙa miƙa wa juna mara lafiya kamar yadda suka yi. Ranar da harsashi ya iso Aljirif, da ƙafafunsa biyu Hussein ya fita, goye da mahaifiyarsa a bayansa.